Ƙafar da Inna ke auna zafin dutse da ita

Ni direba ne, sunana Lawali. Shekara goma sha tara ke nan ina jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, wani lokaci har Zurmi in an samu fasinja kuma hanya ta yi lafiya. Rubutu ba sana'ata ba ce. Ƙafar mahaifiyata ce ta zaunar da ni na rubuta wannan, don duk mai tsohuwa ko tsoho a gida, in ya gama karantawa, ya tashi ya je ya duba tafin ƙafarsu da idonsa. Ni ban duba ba.

Inna a Katuru take zaune, kuma duk wanda ya san garin ya san ta da gashin dutse. Duwatsunta bakwai ne, baƙaƙe masu sulɓi irin na gulbi, babbansu bai wuce tafin hannu ba. Wajen kakarta ta gada. Ta ce asalin abin daga fatake ne. In sun sauka zango an gama dafa abinci, sai su jawo duwatsun da suka kwana kusa da wuta su riƙa mirgina su a kan sha-raɓa da ƙugu, gari na wayewa ƙafa ta saki a ci gaba da tafiya. Kakan kakarta yana cikinsu, shi ya kawo wa matan gidansa. Ko haka ne ko da ƙarin gishiri, Allah masani. Akwai ranar da wani fasinja ya nuna mini a waya, ga Turawa kwance a wani ƙaton otal an jera musu duwatsu a gadon baya, ya ce kuɗi masu yawa suke biya, kuma wai mutanen ƙasashe da dama sun daɗe suna yi. Da na ba Inna labari, ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar wake. Ta ce, "To madalla, su ma sun hwara wayewa."

Amfaninsa kuwa ba labari aka ba ni ba. Na ga manomi ya shigo a duƙe bayan huɗa ya fita a miƙe. Na ga masu dakon buhu a kasuwar Shinkafi suna zuwa da wuya a sanƙare, su koma suna waige. Jijiya takan saki, jiki ya yi laushi, mutum ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Ba ta taɓa yanka wa kowa kuɗi ba, abin da ka kawo shi ke nan, ko goro ne.

Yadda take yi shi ne, ta binne duwatsun cikin rushi, in sun ɗauki zafi ta ciro da cokali ta kakkaɓe tokar. Ba ta gwadawa da hannu. Takan ce hannun macen da ta shekara hamsin tana kwashe tuwo ba ya faɗin gaskiya. Sai ta ajiye dutsen a ƙasa ta ɗora tsakiyar tafin ƙafarta ta dama, daidai lungun nan da ba ya taɓa ƙasa, ta yi salati uku. In ta kai ƙarshe ba ta janye ba, dutse ya yi daidai da fatar mutum. In ta janye, a jira. In kuma ta ji shi salam, ya koma wuta. Daga nan ta shafa wa mutum man kaɗe ta fara bi da shi. Tun ina yaro haka na gani, kuma ban taɓa jin ta ƙona kowa ba.

Ana tsakiyar yankan gero bayana ya riƙe. Duk direba ya san wannan ciwo, ramukan hanyarmu kaɗai sun isa. Ranar Alhamis na sauke 'yan kasuwa a Shinkafi na wuce Katuru da hantsi. Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakin fuska da ni kamar yadda take yi da ƙanwata Rabi, wadda ke aure a unguwarsu. Mai mota take ce mini.

Ta dube ni ina fitowa a karkace ta ce, "Mai mota, mi yas same ka kaka tahiya awa tsoho?"

Na ce, "Baya na, Inna."

"Shiga ka kwanta."

Na kwanta rub da ciki a kan tabarma ina kallonta. Ta ciro dutse ta taka, ta yi salatinta uku, ta ce bai yi ba, ta mayar. Ta sake cirowa ta taka. Ta sake mayarwa. A karo na uku har na ji wani ɗan ƙauri, na ɗauka tsumma ne ya taɓa garwashi. Ta riƙo dutsen da tsumma ta ɗora mini a ƙugu.

Wallahi ban san lokacin da na cije tabarma ba. Na taɓa ƙonewa da ruwan lagireto, amma wannan ya fi. Na ce, "Inna, da zahi."

Ta ce, "Ji min raggo. Ni da nit taka shi ban ji komi ba, sai kai mai gemu?"

Kunya ta rufe ni. Ƙato da ni, mai 'ya'ya biyar, in yi raki gaban uwar da ko kallona ba ta cika yi ba? Na danne. Dutse huɗu ta bi da su a bayana, ina zufa ina karanta duk addu'ar da na iya. Da ta gama na yi godiya, na mayar da riga, na tuƙo mota har Kaura ban jingina da kujera ba.

Matata Saude ce ta cire mini rigar, don ta manne. Da ta ga bayan sai ta saki salati ta ja da baya. Ta ce, "Wa yai maka wanga aiki?" Na ce Inna ce. Ta ɗauko madubi biyu ta nuna mini. Bororo huɗu, kowanne girman dutsen da ya yi shi, ɗaya har ya fashe. Kwana tara ina zuwa kemis ana wanke mini, ina kwana rub da ciki, mota tana ajiye. Abin da ke cina a rai a lokacin fushi ne. Na ce a zuciyata tsufa ya kama Inna, ga taurin kai. Ko sau ɗaya tunanina bai je kan ƙafar da ta taka dutsen nan sau uku ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina.

A mako na biyu Rabi ta kira ni. Ta ce wata maƙwabciya ma ta ƙone a kafaɗa, mijinta ya zo ya yi faɗa a ƙofar gida, mutane sun fara janyewa, ana cewa Inna ta rikice. Ta ƙara da cewa Inna ta rame, ba ta rabuwa da moɗa, fitsari kuma ba dare ba rana. Na ce zafin kaka ne, a saya mata maganin ƙarin jini. Kun ji likitan tasha.

Mako na uku Rabi ta sake kira, wannan karon da kuka. Ta ce kwana biyu suna jin wari a ɗakin Inna, sun ɗaga gado sun kwashe kwalla suna neman mataccen ɓera. Sai da Inna ta zauna alwala ta cire safa, Rabi ta ga ƙudaje sun bar ko'ina sun taru wuri ɗaya.

Na bar lodi a tasha na taho. Na same ta zaune a gindin darbejiya tana jan carbi, lafiya lau a fuska. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ina so in ga ƙafar. Ta ce ba komai ba ne, kaushi ne ya tsage. Rabi ce ta kama ƙafar ta ɗaga.

Inna mace ce mai son lalle. Tun da na san ta ƙafarta ba ta rabuwa da shi, tana ƙunsawa ta maimaita har ya koma baƙi. Da ta ga fatar ta fara canzawa sai ta ƙara ƙunsa wani a kai, don a wurinta lalle maganin kaushi ne. Saboda haka duk wanda ya hangi yatsunta baƙi ƙirin ya ɗauka ado ne. Har wata ta yaba mata, ta ce lallen ya kama. Ashe yatsu biyu sun mutu. A tsakiyar tafin kuwa, inda take taka dutse, rami ne wanda babban yatsana zai shige, gefensa fari, cikinsa ruwa. Rabi ta danna kusa da shi. Inna tana kallonmu kamar ƙafar wani ake taɓawa.

Na ce, "Inna, ba ki jin zahi?"

Ta ce, "Da ina ji, da na zamna?"

Na fita bayan gida na yi amai. Ban taɓa ganin abin da ya firgita ni haka ba, kuma na ga haɗari iri-iri a kan hanya.

A ranar na so mu tafi asibiti. Amma kafin la'asar Kawu Bawa ya iso daga Moriki. Yayan Inna ne, shi ya rage mata a matsayin uba, dillalin shanu ne mai faɗa a ji. Ya duba ƙafar ya girgiza kai ya ce, "Wanga ciwon daji na. Daji kuwa ba ya son ƙarhe. Kuka bari anka yi mata allura, kun kashe ta." Wata gwaggo daga Dauran ta ce ba daji ba ne, abu aka binne mata ta taka, saboda hassadar sana'a. Wani ya ce zuma, wani ya ce garin sassaƙe da man shanu. Kowa da nasa, kuma kowa don ƙauna ya faɗa, wannan ba zan hana su ba. Amma ni da na san hanyar asibiti kamar tafin hannuna, na tsaya ina sunkuyar da kai don kada a ce na yi wa Kawu musu. Kwana takwas muka ɓata ana barbaɗa gari ana ɗaurewa. Baƙin ya tashi daga yatsu ya hau bayan ƙafa.

Rana ta tara zazzaɓi ya rufe ta, ta fara kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ban nemi shawarar kowa ba. Na kwantar da kujerun mota, ni da Rabi muka ɗauke ta sai asibitin Shinkafi. Wata nas ta huda mata yatsa ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta duba, ta sake hudawa. Ta ce sugan da ke jininta ya wuce abin da na'urar ke iya ƙirgawa. Ta tambaye mu tun yaushe take da ciwon suga. Muka kalli juna ni da Rabi. Ba mu taɓa sani ba. A danginmu ba wanda ke zuwa awo sai ya kwanta.

Suka sa mata ruwa da allurai, suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, sai Gusau. Yamma ta riga ta yi, kuma duk ɗan yankinmu ya san ba a hawa wannan hanya da yamma saboda 'yan bindiga. Muka jira safiya, muka bi ayarin motoci.

Gusau kuwa, Allah ya saka wa ma'aikatan da suka tsaya mana, amma layi ya ci mutuncinmu. Layin kati, layin biya, layin awon jini, layin karɓo sakamako, kowanne a gini daban, Inna tana kwance a kan benci. Sai bayan azahar aka samu gado. Komai kai za ka sayo, har safar hannu da auduga. Ragon da take kiwo don layya da buhunan geron da aka fara sussuka duk a makon farko suka tafi. Aka ce tana bukatar jini leda biyu. Na ba da ɗaya. Ɗayar kuwa wani ɗan'uwana direba ne da muke faɗan lodi da shi kullum, ya ji labari a tasha ya biyo mu ya miƙa hannu. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Likitan da ya duba ta ba shi da yawan magana. Ya ce ta rufe ido, ya riƙa taɓa ƙafarta ta hagu, mai lafiyar, da wani siririn abu kamar tsinke, yana tambaya ko ta ji. Tun daga yatsu har idon sawu, ba ta ji ko ɗaya ba. Ya ce suga in ya daɗe a jiki ba a sani ba, yakan kashe jijiyoyin da ke kai labari daga ƙafa. Na ba shi labarin duwatsun, ina jiran ya zage mu. Bai zaga ba. Ya ce gashi da ɗumi abu ne mai kyau ga mai lafiya, yana sassauta tsoka, yana sa jini ya gudana, su ma suna sa a yi. Amma ban da mai suga, ban da wurin da ya yi dindiris ba ya ji, ban da kan ciwo ko kumburi. Sai ya faɗi maganar da ta zauna mini: "Zafi ɗan aike ne. Ita ɗan aikenta ya mutu, wuta tana ci ba mai zuwa ya faɗa mata."

Kwana shida suna wanki suna yanke ruɓaɓɓen nama, ko za a tsira da ƙafar. Kowace safiya in aka kwance, sai in ga baƙin ya ƙara matsowa. Rana ta bakwai likita ya kira ni gefe ya ce ko ƙafa ko rai, kuma ni zan sa hannu. Na ce da mun zo da wuri fa? Ya ce da wataƙila yatsu kawai za a cire.

Kawu Bawa ya zo ya ce sam. Ya ce 'yar'uwarsa ba za ta koma ga Allah da guntun jiki ba. Muka yi ta yi a baranda, muryata ta fara tashi, karo na farko a rayuwata da na ɗaga masa murya. Rabi ta leƙo ta ce Inna na kira.

Zazzaɓin ya sauka, hankalinta ya dawo. Ta sa Rabi ta tayar da ita zaune. Ta ce, "Mai mota, juya. Ɗaga rigarka."

Na juya na ɗaga. Na ji yatsunta a kan tabon, tana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ni niy yi wanga?"

Na ce, "Ya warke, Inna."

"Kac ce min da zahi, nic ce maka raggo." Sannan ta dubi Kawu ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ƙahwad da tas sa na ƙona ɗana da ɗiyan mutane ban sani ba, ba ni riƙon ta. A ba shi takarda shi sa hannu."

Kawu ya fita yana share ido da bakin rawani. Na sa hannu.

Ƙasan gwiwa suka yanke. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne za a miƙo mini ƙafar. Wani ma'aikaci ya fito da ita a naɗe ya ce, ta wa ce? Na karɓa. Na tambayi wani malami, ya ce a naɗe a farin ƙyalle a binne, ba a yi mata salla. Ni da Kawu muka kai ta maƙabarta da rana tsaka, ya haƙa, na saka. Na binne wani yanki na mahaifiyata, na dawo na same ta tana tambaya ko an ba Rabi abinci.

Mun yi mako biyar a Gusau kafin a sallame mu. Yanzu tana wurina a Kaura, Saude ce ke yi mata allurar suga safe da yamma, Allah ya biya ta. Kowace safiya ni da kaina nake duba ƙafar hagu, tsakanin yatsu da tafi da dunduniya, kuma an daina ƙunsa mata lalle. Ga abin da nake roƙon mai karatu: in tsohonka ya fara yawan shan ruwa da fitsari yana ramewa, kai shi a auna. In ya ce ƙafarsa ta yi masa kamar ya sa safa, kada ka bari ta kusanci garwashi ko dutse ko ruwan zafi. Mai yin gashi kuma ya gwada a jikin wanda yake ji, kuma in wanda ake gasawa ya ce da zafi, a yarda da shi.

Akwai abin da likita ya ce zai iya faruwa, na ɗauka zance ne. Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da Inna a kan tabarma tana cije leɓe, zufa na zuba. Na ce lafiya? Ta ce, "Ƙahwag ga ta, wuta takai. Tahin nan awa an ɗora min garwashi."

Na kama ta hagu zan duba. Ta ce, "Ba ita ba."

Na dubi inda take nunawa. Zane ne a shimfiɗe, daga gwiwa ba komai sai tabarma.

Ta ce, "Na san babu ta, ba haukacewa niy yi ba. Amma ina ji. Ɗebo min ruwan randa."

Na ɗebo a moɗa na durƙusa gabanta, na rasa inda zan zuba. Sai na fara tsiyayawa a kan tabarma, daidai inda ƙafar za ta kai da tana nan. Inna ta rufe ido ta saki numfashi.

Ta ce, "Matsa gaba kaɗan. Wajen yatsu."